Amsar Wasiƙunku: Idan Taya Ta Sace A Dokar Daji

  

A wannan mako wasiƙu huɗu muka ware gefe guda, domin duk a kan abu ɗaya suke, wato keke da matsalar faci a tafiya mai nisa. Abin bai ba ni mamaki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure da bayan rumbu an karkaɗe musu ƙura sun koma kan hanya. Mutanen Maiduguri ma sun riga mu, su tun shekarar 2011 da aka hana hawa babur a cikin gari suka rungumi keke.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma ɗan kasuwa, a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel. Ya ce duk ranar Alhamis yakan ɗaura riɗi ko wake a kariya ya nufi kasuwar Maigatari. To akwai ranar da tayarsa ta baya ta sace har sau uku kafin ya isa, kowane karo sai ya sauke buhu ya yi faci ya sake ɗaurawa. Ko da ya shiga kasuwa rana ta yi, manyan masu saye sun gama awo, dole ya karyar da kayansa. Shi ne yake tambaya, shin tif ɗin zamani ne ba shi da auki, ko kuwa da hannun wani a cikin lamarin?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka kwantar da hankalinka, babu hannun kowa. Ko ban ga keken ba, zargina yana kan ƙaya guda ɗaya tak. Ƙayar da ta huda tif ɗin da farko tana nan maƙale a jikin taya, gindinta ya karye daga waje ba ka ganinta, tsininta kuwa yana ciki yana jira. Ka liƙe huda, ka mayar da tif, ka buga iska, ka hau. Nauyinka da na buhu suka danna taya, tsinin ya sake leƙowa ya soki tif ɗin a wani wurin. Ko sau goma za ka yi faci haka za a yi ta yi, muddin ba a cire ta ba. Mafi yawanmu da zarar mun ga huda sai mu yi ta murna an kama ɓarawo, alhali ƙofar da ya shigo kawai muka gani, shi yana nan a cikin ɗaki.

Saboda haka, jama'a, ga yadda ya kamata a bi abin. Da farko ma tukuna, kafin ka kwance komai, ka lakato yawu ka shafa a bakin bawul. In ka ga yana kumfa, to tif ɗinka lafiya lau yake. Irin bawul ɗin manyan kekunanmu na da, su Raleigh da Phoenix da Hero, akwai wata 'yar siririyar roba a jikin ƙarfensa na ciki, ita ke tare iska. Zafi yana cinye ta, ta tsage. Sauya ta ba ya ɗaukar minti biyu. Sau nawa mutum ya kwance taya ɗungurungum yana neman hudar da babu ita!

In bawul lafiya, sai ka sauke kaya, ka shiga inuwa, amma ka dubi ƙasa tukuna, don inuwar aduwa da ta bagaruwa ba wurin shimfiɗa tif ba ne. A babban keke ba sai ka cire ƙafar baya ba. Wannan wahala ce ta banza, ga kaca, ga birki, ga kariya, ga notuna. Ka kwantar da keken ko ka kifa shi, ka zare leɓen taya na gefen da babu kaca, ka jawo tif waje yana rataye a wurin. Ka buga masa iska ya kumbura sosai, ya fi yadda yake a cikin taya. Masu faci na gari suna da kwanon ruwa, kai kuwa ruwan da ke gorarka na sha ne, kada ka ɓarnatar da shi. Ka bi tif ɗin a hankali kusa da leɓenka ko kumatunka, za ka ji sanyin iska tana hurowa. Ko ka riƙa ratsa shi a saman lallausar ƙura, inda hudar take za ka ga ƙura tana tashi. In ka yi zato a wani wuri, ɗan yawu zai tabbatar maka. Ka zagaye wurin da biro ko gawayi nan take, domin ƙaramar huda ɓacewa take da zarar iska ta fita.

To a nan ne aikin yake, Baba. Kada ka yi gaggawar buɗe sholisho. Ka jera tif ɗin a jikin taya yadda yake kwance da, bawul a daidai ramin bawul, sai hudar ta nuna maka daidai inda za ka duba a jikin tayar. Ka lanƙwasa tayar a wurin, ka duba waje, ka duba ciki. Daga nan ka bi cikin tayar gaba ɗaya, zagaye guda cikakke, don inda aka taka ƙaya ɗaya galibi an taka 'yan'uwanta. Da yatsa ake yi, amma a hankali, saboda kwalba tana yanka. Dabarar da ta fi ita ce ka goga ɗan ƙullin auduga ko tsohuwar safa, duk inda tsini yake zai kama zare. Ka turo ƙayar daga ciki zuwa waje da allura ko bakin ƙusa, ka gan ta da idonka a tafin hannunka. In ba ka ga abin da ya yi hudar ba, to ba ka gama ba.

Ita huda kuma bakinta yana magana, in ka iya saurare. Ƙaramar huda guda ɗaya a bayan tif, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, wannan ƙaya ce ko ƙusa ko waya. A hanyar ƙauye babban mai laifi shi ne tsidau, wannan ciyawa mai furen rawaya da ke shimfiɗe a bakin hanya. Ɗanta in ya bushe yakan rabu gida biyar, kowane da ƙahoninsa masu tauri, kuma duk yadda ya faɗi sai ka samu tsini yana kallon sama. A Amurka har suna suka sa mata da ke nufin ciyawa mai huda taya. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya, musamman inda aka jawo reshe za a yi shinge, ko inda makiyaya suka sassaro wa dabbobi ganye da rani. Ƙarangiya dai wando take kamawa, ba ta cika iya wa taya mai ƙwari ba. A kan kwalta kuwa, ban da fasasshiyar kwalba, ku ji tsoron siraran wayoyin nan da ke fita daga tayar babbar mota in ta fashe ko aka ƙone ta. Sun yi kaurin gashi, ga wuyar gani, kuma su ne ke sa taya ta riƙa sacewa a hankali, yau da iska gobe babu.

In kuwa hudar tana cikin tif ne, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to laifin ba na hanya ba ne, na keken ne. Ko dai kan ɗaya daga wayoyin ƙafa ya zarto, ko robar da ake naɗawa a kan rim don ta rufe kawunansu ta tsinke ko ta goce, ko kuma tsatsar damina ta ci rim ɗin ya yi kaushi. Maganinsa a goge kan wayar, a kankare tsatsa, a yanko tsohon tif a naɗa sabuwar ɗamara.

In ka ga 'yan tsagu biyu a jere kamar saran maciji, wannan ƙarancin iska ne. Ka faɗa rami ko ka hau dutse da kaya, taya ta lotsa har ƙasa, bakin rim ya datse tif ɗin ta gefe biyu. Ina so 'yan kasuwa su saurari wannan da kyau, domin na san al'adar nan ta rage iska in rana ta take, wai kada taya ta fashe. Gaskiya ne zafi yana ƙara ƙarfin iskar da ke cikin taya, amma ƙarin kaɗan ne, lafiyayyar taya tana ɗaukarsa. Wadda ke fashewa a rana dama can ta tsufa, zarenta ya ruɓe. Shi kuwa ƙarancin iska ga mai ɗaukar buhu, ɓarnarsa ta kowace rana ce: ga saran macijin nan, ga tsagewar gefen taya, ga nauyin tuƙi. Har ila yau yana sa taya ta riƙa zamewa a kan rim tana jan tif, har bawul ya karkace ya yage daga gindinsa, kuma yagewar gindin bawul ba ta facuwa a hanya. Duk sa'ad da ka ga bawul ɗinka ya kwanta gefe maimakon ya tsaya cak, ka sace iskar ka daidaita shi tun bai yage ba. A gefen kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, in kana wurin mai faci da ke da ma'auni sai ya duba maka. In babu, ka ɗaura kayanka ka hau, wani ya duba maka tayar baya. In ta baje kamar an taka kwaɗo, a ƙara.

Wadda ta yi ƙara kamar bindiga kuwa, ka tarar tif ya yi doguwar yagewa, to ko dai leɓen taya ne ya danne tif lokacin mayarwa, ko tayar ce ta tsage tif ya leƙo waje. Za mu zo kanta.

Wasiƙa ta biyu daga jihar Maraɗi take a Jamhuriyar Nijar, daga wani ɗan koli da ke zagaya kasuwannin ƙauye. Shi kukansa, in ya yi faci da safe, kafin azahar ya ɗago. Yana tambaya ko akwai wani gam da ya fi sholisho ƙarfi.

Malam, sholishonka ba shi da laifi, haƙuri ne ya yi ƙaranci. Sholisho ba irin gam ɗin liƙa takarda ba ne da ake mannawa yana ɗanye. Roba ce aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi, shi ne wannan wari da kake ji. Sai ruwan nan ya gama tashi sannan robar take kamawa. In ka ɗora faci a kan ɗanyen sholisho ka kulle ruwan a ciki ke nan, ba shi da hanyar fita, rana na dukan taya sai facin ya saki.

Ka fara da kankare wurin da samfefa, faɗin da ya ɗara facin da za ka sa. Tif yana fitowa daga masana'anta da wani santsi a jikinsa wanda ba ya barin komai ya kama, sai ka goge shi har wurin ya yi baƙi ya daina sheƙi. In babu samfefa, ɗan dutse mai kaushi ko gefen kwalin ashana ya wadatar. In hudar tana kusa da wannan layi da ya ɗan taso a jikin tif, ka goge layin ya kwanta, in ba haka ba iska za ta bi gefensa ta fita. Sai ka shafa sholisho shafe ɗaya marar kauri, ka baza shi. Daga nan ka cire hannunka. Ka ba shi kamar minti biyar, wato ka sha ruwa, ka duba cikin tayar da muka yi magana, ka dawo. Za ka ga ya daina ƙyalli ya dushe. Kada ka taɓa shi da yatsa don gwaji, kada ka hura masa baki, in kuma lokacin hunturu ne ka juya wa iska baya ka kare shi daga ƙura. Masu ƙyasta masa ashana don ya yi saurin bushewa, na san ana yi, amma ni ban ba da wannan shawara ba. Wutar tana ƙona abin da ake so ya kama, wani lokaci har da tif ɗin.

In facin kanti ne, mai jan baki da takardar gwangwani a bayansa, ka ɓare takardar ba tare da ka taɓa fuskar ba, ka ɗora tsakiyarsa a kan hudar. In kuwa daga tsohon tif za ka yanka, kamar yadda akasarinmu ke yi, to ka yanka shi da'ira kamar kwabo, kada ka bar masa kusurwa, don daga kusurwa faci yake fara ɗagowa. Ka fere bakinsa da reza ya yi siriri, ka kankare shi shi ma, ka shafa wa duka biyun sholisho, su bushe tare. Irin wannan ya fi son shafe biyu, na farko ya bushe sannan a ƙara na biyu. In ka haɗa su sai dannawa, da ƙarfi, daga tsakiya zuwa baki. Ka ɗora a kan sirdi ko kariya ka murza da gindin sifana. Sannan ka barbaɗa hoda ko lallausar ƙura a kan sholishon da ya yi saura a gefe don kada tif ya manne da taya. Kuma kada ka cika masa iska a waje wai kana gwada facin, tif zai miƙe ya ja sabon facin. A cikin taya ake cika shi, inda iskar da kanta za ta ƙara danne shi.

Gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake liƙa fasasshen kofi, kada ka kai shi kusa da tif. In ya bushe ƙanƙara yake zama, roba kuwa miƙewa take, sai ya tsage ya bar maka wurin da wani facin ma ba zai kama ba. Facin wuta na masu faci a gari yana da kyau in mai yin ya san hannunsa, sai dai tif ɗin keke ba shi da kaurin na mota, a gaya masa ya sassauta wuta.

Tun da mun ambaci sholisho, iyaye a yi hattara. Kowa ya san yadda wasu yara ke shaƙarsa, yana kuma lalata ƙwaƙwalwa. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, masu sayarwa kuma ku dubi wanda kuke miƙa wa.

Wajen mayarwa ma ana yin sabuwar huda. Ka sa wa tif 'yar iska kaɗan ya yi siffarsa don kada ya naɗe. Ka tura shi ciki, ka mayar da leɓen taya da tafin hannu da manyan yatsu. In ya yi tauri a ƙarshe, ka bi sauran zagayen kana matse leɓen zuwa tsakiyar rim inda yake da zurfi, za ka ga ya saki. Sukudireba ita ce babbar abokiyar gabar tif, mutum ya gama faci mai kyau ya zo ya tsokale shi da bakinta. Ka tura bawul ciki kaɗan don gindinsa ya shige ƙarƙashin leɓe, ka leƙa zagaye ka tabbata babu inda tif ya leƙo, ka buga rabin iska, ka juya ƙafar ka ga ta zauna daidai, sannan ka cika.

Ta uku daga wani ɗalibi ce da ke karatu a Kano, iyayensa kuwa suna ƙasar Damagaram. Kuɗin mota ya gagare shi, yana so ya je gida hutun Salla a kan keken gwanjo da ya saya, irin mai giya. Yana tambayar abin da zai riƙe.

Ƙanena, Allah ya yi albarka, zumunci ka nufa. Amma tafiyar nan ta haura kilomita 200, in ka bi ta Dambatta da Kazaure da Daura ka ƙetara ta Kwangwalam. Kada ka ɗauke ta da wasa. Ka raba ta kwana biyu ko uku, ka tashi da asuba, ka huta in rana ta take, ka kwana cikin gari. Ka riƙe katin shaidarka, ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya da bakin iyaka ke ciki kafin ka ɗaura kaya.

Facin tafiya tun daga gida ake fara shi. Tayar da ta suɗe, ko gefenta ya yi tsatstsage kamar ƙasan tafki da rani, ba ta zuwa Damagaram. In kuɗinka na taya ɗaya ne, sabuwar ta tafi baya, don baya ce ke ɗauke da nauyi kuma ita ta fi yin faci. Tsohuwar kuma kada ka yar. Ka yanke leɓunanta biyu masu waya, ka shimfiɗa sauran a cikin sabuwar tayar tsakaninta da tif, ka fere bakin yankan don kada ya ci tif. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma tsidau da yawa zai ƙare a wannan shimfiɗa bai kai ga tif ba.

Sai batun lamba, wanda ya shafe ka ƙwarai tun da kekenka na gwanjo ne. Ka duba gefen tayarka. Babban keke irin na su Baba lambarsa 28 x 1½, a wasu tayoyin za ka ga an ƙara da 40-635. Kekuna masu giya na hawan tudu galibi 26 ne, lambarsu tana ƙarewa da 559. Akwai wani 26 ɗin kuma mai 590, akwai wani 28 ɗin mai 622. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce faɗin rim a ma'aunin milimita, kuma in ba ta zo ɗaya ba taya ba za ta zauna ba, ko da mai kanti ya rantse maka duk 26 ne. A kasuwar ƙauye kayan babban keke aka fi samu, naka sai an dace, saboda haka ka sayi tif biyu na ajiya tun a Kano. Bawul ma iri uku ne: na babban keke mai 'yar roba, da mai kauri irin na mota da babur, da wani siriri mai ɗan noti a ka. Ka tabbata bakin famfonka ya dace da naka. Ka gwada famfon a tsakar gida, ka sace taya ka cika ta da shi. In yana huci ba ya turawa, fatar cikinsa ce ta bushe, ɗigon mai zai farfaɗo da ita.

A 'yar jakarka kuma a samu faci kamar goma manya da ƙanana, da samfefa, da reza, da allura, da ƙarafan zare taya ko cokula biyu masu santsin gindi, da sifanar da ta dace da notin ƙafarka, wanda galibi lamba 15 ne, da tocila. Sholisho kuwa sabo wanda ba a huda bakinsa ba. Wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a cikin kwalinsa, ka matsa ka ji iska kawai, kuma a dokar daji ake gane haka. Kai da ƙafar kekenka ke fita da sauƙi, in ta sace sai ka cire ƙayar ka sa sabon tif ka wuce, ka yi facin hudajjen da yamma a masauki cikin natsuwa.

To in taya ce da kanta ta tsage fa? Faci a tif kaɗai ba zai yi ba, don zai leƙo ta tsagar ya fashe. Sai ka yi mata ƙyalle daga ciki. Guntun tsohuwar taya ya fi, in babu, ka ninka yankin buhun taki ko na siminti sau uku ko huɗu, ya zarce tsagar ta kowane gefe, ka rage iska kaɗan, ka lallaɓa zuwa gari. Matuƙa keke na ƙasashen waje sukan ninka takardar kuɗi su sa a wurin. Mu a nan dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta naira, ga shi kuma buhu bai fi ƙarfin kowa ba.

In kuwa faci ya ƙare, sholisho ya bushe, babu gari kusa, akwai dabaru biyu na fita kunya. In hudar ɗaya ce, ka yanke tif ɗin a daidai wurin, ka ƙulla bakunan biyu tamau, ka ja shi ka mayar a kan rim, ka buga iska daidai gwargwado. Za ka riƙa jin ɗan tsalle duk juyi, kana kuma ƙara iska a kai a kai, amma zai kai ka. In tif ya tashi aiki gaba ɗaya, ka cire shi ka adana, ka cusa busasshiyar ciyawa ko tsummoki a cikin tayar, ka danna sosai har ta yi tauri. Tafiyar ba daɗi, amma rim ɗinka zai tsira. Abin da ba a yi shi ne hawa keke a kan taya marar iska. Kafin ka yi nisa ka yanka taya, ka tauna tif, ka lanƙwasa rim, asarar faci ɗaya ta zama ta ƙafa sukutum.

Abu ɗaya kuma, ƙanena, da kai da duk mai sauraro. In taya ta sace bayan la'asar, ka dubi rana kafin ka dubi tif. In akwai ƙauye a kusa, ka tura keken ka isa cikin mutane, ka yi sallama da mai gari ko limami, ka yi facinka a can ko da da tocila ne. Zamanin da muke ciki bai ba da damar magariba ta riski mutum shi kaɗai a bakin hanya da keke a kife ba.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wata malamar firamare a Funtuwa, wadda ɗalibanta suka tambaye ta wanda ya ƙirƙiro taya mai iska. Malama, a gaishe ki da aikin alli, mun san daɗinsa mun san wuyarsa. Ki gaya musu wani likitan dabbobi ne ɗan ƙasar Sikotland mai suna John Boyd Dunlop, yana zaune a birnin Belfast. A 1887 ya naɗa wa keken ɗansa mai ƙafa uku roba mai iska don ya rage masa jijjiga, ya yi rajistar fasahar a 1888. Daga baya aka gano wani ɗan ƙasarsu, Robert Thomson, ya riga shi tun 1845, sai dai tasa ba ta yaɗu ba. Tayoyin farko manne su ake yi a jikin ƙafa, faci ɗaya sai ya ci sa'o'i. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa su suka fito da wadda ake zarewa a gyara a mayar, a 1891. A shekarar ce wani mai suna Charles Terront ya hau irinta ya ci tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, kusan kilomita 1,200, cikin awa 71 da 'yan mintoci.

Kamfanonin nan biyu duk sun taɓa yin taya a Nijeriya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yi a Legas a 2008. Tayoyi da tif da muke saye yanzu akasari daga waje ake shigo da su, masu kyau da marasa kyau a rumfa ɗaya. Wannan ya dawo da mu ga rabin tambayar Baba na ƙasar Gumel, wato ko tif ɗin zamani ba shi da auki. Wani yana da shi, wani babu. In za ka saya, ka fitar da shi daga kwali, ka ja shi tsakanin hannayenka ka duba. In ka ga ƙananan tsagu sun buɗe, musamman a inda aka ninke shi, ya daɗe a ajiye. Ka duba gindin bawul ya manne sosai. Wanda aka rataye a rana a bakin rumfa, ka bar wa mai shi. Kuma ka sa a buga masa iska a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Jama'a, agogo ya harare mu. Masu tambaya a kan kaca da birki, wasiƙunku sun iso, suna nan a layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya, wassalamu alaikum.